Sifilin da Na Zana a Wurno

Akwai wani aji a Wurno da har yau in na tuna shi sai zuciyata ta tashi. Jemagu sun yi shekaru suna kwana a cikin silinsa, kashinsu na zubowa ta inda kwalin ya huje, ga zafin bazara ya dafa warin ya cika ɗakin. A nan aka zaunar da mu, mu huɗu, mu yi makin wata jarrabawa. Na daɗe ina gaya wa kaina warin jemagun ne ke tayar mini da zuciya. Ƙarya nake yi, kuma na gaji da ita.

A lokacin ina koyar da fiziks a wata sakandare a ƙasar Rabah. Wasu mutanen yankinmu da Allah ya ɗaga, suna aiki a birane, suka haɗa ƙungiya suka ce duk shekara za su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya har ya gama jami'a. Ɗaya tak, daga Wurno da Rabah da Goronyo. Aka shirya jarrabawar kimiyya, kowace makaranta ta turo gwanayenta. Ni ma na turo nawa, wani saurayi ɗan makiyaya daga wajen Tursa, wanda na sha wahala a kansa kamar ni na haife shi. Sau biyu ina hawa kabu-kabu har rugarsu, in zauna a kan tabarma in roƙi mahaifinsa ya bar shi ya gama karatu kada a tura shi kudu da shanu. Na sa rai a kansa ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya jawo maganar kuwa tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ɗan layin nan ne na ɗebewa da muke kira mainos, da abokinsa na tarawa, fulos. In ka ɗauki famfon keke ka toshe bakinsa da yatsa ka danna, ka matse iskar da ke ciki ke nan. Hannunka zai gaji, gindin famfon ya yi ɗumi. Ƙarfin da ya bar hannunka ya shiga iskar, shi ake kira aiki a wannan ilimi. In ka saki, iskar ta buɗe ta turo sandar famfon waje, to yanzu ita ce ta yi aikin, ƙarfi ya fita daga cikinta. Har nan babu mai gardama. Wajen rubutawa ne aka rabu. Littattafan fiziks da muka tashi da su aikin da iskar ta yi suke dubawa: in ta buɗe a sa fulos, in an matse ta a sa mainos, sannan a ɗebe aikin daga zafin da ya shige ta. Mutanen kemistiri kuma aikin da aka yi wa iskar suke dubawa: in an matse ta fulos ne don ta samu, in ta buɗe mainos ne don ta rasa, sannan su tara shi da zafin. Ka bi ta nan ko ka bi ta can, amsar ƙarshe ɗaya ce. Kamar mutum biyu ne a bakin kogin Rima, kowa a ƙetarensa suna fuskantar juna, wannan ya ce ruwan dama yake yi, wancan ya ce hagu. Abin da ake so kawai mutum ya faɗi gaɓar da ya tsaya, kuma kada ya sake ta a tsakiyar lissafi.

Na san wannan tun ina kwaleji. Ina so a riƙe shi da kyau, don kada wani mai kyakkyawar zuciya ya yi mini uzurin jahilci.

Shugaban makin wani dattijo ne, mataimakin shugaban makarantar da muke ciki, ya kusa ritaya. Ya yi shekaru yana zuwa makin manyan jarrabawa a Sakkwato, kuma ba ya minti goma bai tuna mana ba. Shi ke riƙe da takardar amsoshin da masu jarrabawar suka aiko, wadda malamai ke kira sikim, ya rungume ta a ƙirji kamar za a sace. Goro ba ya barin bakinsa. Ya tauna, ya karanto mana amsa, ya juya ya tsartar da tuka ta taga, rabi ya fita rabi ya maƙale a jikin katako. In ya gama ya sakace haƙori da murfin biro, sannan ya miƙo maka biron ka sa hannu. Sauran biyun, malamin lissafi ne na nan Wurno da malamin bayoloji daga Goronyo.

Ga yadda ake yi. Ba suna a takardun, lamba ce kawai, kuma ba mai duba na makarantarsa. Shugaba ya karanto amsa, kowa ya duba takardar gabansa, in ya ga irinta ya yi kyas, in bai gani ba ya soke. Ba a karanta takarda, farautar amsa ake yi a cikinta. Akwai kuma doka ɗaya da dattijon ya fi ji da ita. Da muka zauna sai da ya maimaita ta.

“Wanda dut yaf fara da hanyad da ba ta cikin sikim, ku soke mai tambayar baki ɗai. Ko amsa tai ta dace, satowa yay yi.”

Muka ce to. Ni ma na ce to, da ƙarfi ma.

Takardun Goronyo ne suka faɗo hannuna. Sauri nake yi ranar, kuma dalilin saurin shi ne abin kunya. Ranar kasuwar Gandi ce, maiɗakina ta ce kada in kuskura in dawo ba man shanu, ina so in cim ma kasuwar kafin Fulani su watse. Tambaya ta bakwai maki goma ce. An matse wata iska, an yi mata aikin jul ɗari uku (jul shi ne ma'aunin ƙarfi), zafin jul ɗari ya fita daga cikinta, a faɗi aikin, a faɗi yadda ƙarfin cikinta ya sauya. Sikim ta ce aikin mainos ɗari uku ne, amsar ƙarshe ƙarin ɗari biyu. Na buɗe wata takarda mai ƙananan rubutu, idona ya sauka kai tsaye a kan fulos ɗari uku. Ban duba sama ba, ban duba ƙasa ba. Na ja jan biro daga wannan kusurwa zuwa waccan, na zana sifili, na sake kewaye shi karo na biyu kamar ana ba ni ladan girmansa. Na sa hannu a gindin shafin na jefa ta kan 'yan'uwanta.

Bayan azahar aka tara maki. Ɗalibina ne na ɗaya. Na ji daɗi har sai da na sunkuyar da kai don kada a ga haƙorana. Mai bi masa wata lamba ce daga Goronyo, maki uku ne tsakaninsu. Dattijo ya ce a sake duba takardu uku na sama don cika al'ada, ya wawwatso mana su ba tare da ya kalli wadda ya ba kowa ba. Takardar nan mai ƙananan rubutu ta dawo hannuna.

Sai a lokacin na karanta ta. A saman tambaya ta bakwai, kafin lissafi ya fara, an rubuta jimla ɗaya da Turanci an ja mata layi da rula: mai takardar ya ɗauki aikin da aka yi wa iskar a matsayin fulos. A gefe har an zana ɗan famfo da kibiya tana nuna ciki. Daga nan lissafi ya sauko tsaf, ba kuskure ko na ɗigo, ya tsaya a kan ƙarin ɗari biyu. An faɗi gaɓar da aka tsaya, ba a kuma sake ta ba. Maki goman nan halal ɗinsa ne, kuma da su ya wuce ɗalibina da maki bakwai. Jan layina ya ratsa ta tsakiyar famfon.

Ba zan ce ban yi magana ba. Na yi, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, don da maganar na yi ta wanke kaina shekara da shekaru. Na miƙe na ce wa dattijon, “Ranka shi daɗe, akwai gyara ga takardag ga. Ni nib ba ta sihili, kuma kuskure niy yi.”

Bai karɓi takardar ba. Ya ce, “Mi anka rubuta ga sikim?”

Na ce mainos.

“Shi mi yar rubuta?”

Na ce fulos, amma ya faɗi dalilinsa a sama, hanyar mutanen kemistiri ce, kuma amsar ɗaya ce.

“To mi kaka so in yi? In aje takardad da manya sunka rubuto in bi ta yaro? Jarrabawak kemistiri muka dubi?”

Raina ya ɓaci. Na fita bakin ƙofar makaranta inda wani mai faci ke zaune a gindin darbejiya, na ari famfonsa na hannu na dawo da shi ajin. Na toshe bakin da babban yatsa, na yi ta dannawa har gumi ya karyo mini, ina bayani ina haki: ga ni ina matse ta, wa ke samu, wa ke rasawa? Na ce a taɓa gindin famfon. Malamin lissafi ya taɓa, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce wallahi da ɗumi, kamar na yi masa rufa-ido a kasuwa. Na miƙa wa dattijo. Ya janye hannun rigarsa ya ce shi ba bakanike ba ne, shekara talatin yana maki ba a taɓa kawo masa famfo ba.

Na juya ga malamin Goronyo, tunda ɗalibinsa ne ake yanka. Yana ta shafa wayarsa. Ya leƙa lambar ya ce ya gane ta, yarinya ce, ɗiyar wani masunci a bakin dam. Ya ce makarantarsu ba ta da malamin fiziks, wata mai bautar ƙasa ce da ta karanta kemistiri ta riƙe musu darasin, ta gama ta koma garinsu. Na ce to kai me ka ce? Ya ce, “Ni bayoloji nika koyarwa. Abin da kunka gani shi na daidai.” Ya koma kan wayarsa. Na ji kamar in kwaɗa masa famfon.

Sai dattijo ya tofar da goro ya sassauta murya, ya kira ni da sunan da bai taɓa kirana da shi ba.

“Ƙanena, zamna. In munka gyara wagga, dut takardun ga sai an sake su tun daga hwarko. Wannan guda. Na biyu, ka san wa za ya hwaɗi? Yaronka na. Kai kac ce muna ka tahi ruga sau biyu. To kai za ka koma na ukku ka hwaɗa ma uban ka kayar da ɗa nai da hannunka, sabadda ɗan layi. Mu mun bi doka. Kai ma doka kab bi da sahe.”

Ya turo mini takardar sakamako da biron nan mai jiƙaƙƙen murfi.

Na tsaya da famfo a hannu. Na hango rugar, na hango tsohon nan da ya ce mini ya ba ni amanar ɗansa. Yarinyar kuwa ban san fuskarta ba, lamba ce. Ba wanda ya murɗe mini hannu, ba wanda ya ba ni ko sisi. Na jingine famfon a jikin benci, na karɓi biron na sa hannu. Na mayar wa mai faci kayansa, na hau kabu-kabu, na cim ma kasuwar Gandi ba ta watse ba. Na sayi man shanu mai kyau. Da aka zuba shi a miyar kuka ranar na ci tuwo na ƙoshi, har na nemi ƙari. Wannan ƙarin yana cikin abin da ba na yafe wa kaina.

Ɗalibina ya tafi jami'a, kuma ba shi da laifin komai, bai ma san an yi ba. Ya yi karatu da gaske, yanzu likitan dabbobi ne. Duk salla sai ya zo gaishe ni da ƙwaryar nono daga rugarsu, ya durƙusa ya ce ni ne silar komai. In ce masa Allah ne. In ya tafi in ba yara nonon. A makaranta kuwa na yi suna, ni ne malamin da ɗalibinsa ya kayar da ƙananan hukumomi uku. In an zauna hira sai in ba da labarin dattijon da famfon, in kwaikwayi yadda ya janye hannun riga, a yi ta dariya ana tsine wa irin makinsu. A nan nake yanke labarin. Laifi tudu ne, na taka nawa ina nuna na mai goro.

Na fara koya wa ɗalibaina hanyoyin biyu, har na sayi famfo na ajiye a ofis. Ina ganin kaffara nake yi. Amma ko sau ɗaya ban hau mota na je Goronyo na tambayi inda yarinyar ta ƙare ba, alhali tafiyar ba ta kai ta rugar ba.

Bayan shekara takwas jarrabawar tana nan ana yi. Dattijo ya yi ritaya, furfura ta fito mini, aka ce ni ne shugaban maki. Aka sake ba mu ajin nan na Wurno. An sake masa sili, an yi fenti, babu jemage ko ɗaya. Duk da haka ina shiga zuciyata ta tashi.

Goronyo ta turo wata matashiyar malama mai koyar da kemistiri da fiziks duka. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce mini Baba. Da aka fara aiki sai ta zame mana ƙarfen ƙafa. Kowace takarda sai ta ɗora rula a ƙarƙashin layin farko ta bi shi, ta sauko na biyu, har ƙarshe. Mu mun gama goma, ita tana ta huɗu. Sauran malamai suka fara tsaki, ni ma na tsokane ta na ce ko haddace takardun za ta yi. Ta yi murmushi ta ci gaba.

Can sai ta taso da wata takarda ta ce, “Baba, wanga yaro ya bi hanyad da ba ta cikin sikim. Aikin da anka yi ma iska yas sa ma fulos. Amma ya hwaɗi hakanan tun sama, kuma daidai na.”

Na ce ta ba shi makinsa duka. Ban tsaya nan ba, don bakina bai san kunya ba. Na miƙe na yi wa ɗakin wa'azi, na kawo mutum biyu a bakin Rima, na ce malamin da bai san wannan ba bai cancanci riƙe jan biro ba. Aka yi ta gyaɗa kai. Ita tana tsaye tana kallona har na gama.

Da aka tashi sallar azahar maza suka riga ni fita. Ina tattara takardu sai ta dawo gaban teburina, ta buɗe jakarta ta ciro wata leda. A ciki akwai tsohuwar takarda, ta yi laushi a wajen ninki. Ai ana mayar wa makarantu takardunsu bayan maki, ni na manta da wannan. Ta shimfiɗa ta a gabana ta danne gefe da yatsa. Ga ƙananan rubutun, ga ɗan famfo da kibiya, ga jan layi ya ratsa shi. Ga sifilina mai ninki biyu, ga sa hannuna a gindi.

Ta ce tun da safe da na sa hannu a takardar zuwa ta gane shi. Ta ce injiniya ta so zama, tana ƙarama take bin mahaifinta bakin dam tana kallon ƙofofin ruwa. Da abin bai yiwu ba ta yi kwalejin malamai a Sakkwato, da kuɗin kifi da na albasa. Ba kuka a muryarta, ba faɗa.

“Baba, ban zaka da rigima ba, abin da Allah yar rubuta ya wuce. Abu guda nika son sani. Shekara takwas ina tambayak kaina, malamin ga bai sani ba na, ko ko bai karanta ba? Yanzu na ji ka sani. To ba ka karanta ba ke nan. Sauri kaka yi?”

Ta buɗe mini ƙofa da hannunta. In na ce e, ban yi ƙarya ba, da safen sauri nake yi. Dattijo ba ya nan, malamin bayoloji an yi masa canji tuntuni, ba mai ƙaryata ni. Na ga a fuskarta har ta shirya yafewa, jira kawai take in ce e.

Na ce, “Da sahe ban karanta ba. Bayan azahar ta dawo hannuna, na karanta ta dut, na san ke ad da gaskiya. Ɗalibina na anka ba. Nis sa hannu.”

Ta ɗauki takardar. Sannan ta ninke ta a kan tsohon ninkinta, ta mayar cikin leda, ta zuge jaka. Ta koma bencinta ta ɗauki rula ta ɗora a ƙarƙashin layin farko na takarda ta gaba. Sai bayan la'asar ta gama, kuma ba wanda na bari ya yi mata tsaki. Har muka tashi ba ta sake ce mini Baba ba. Malam take cewa, kamar kowa.